Waiwaye: Daga kunnen gardi zuwa saƙon salula a makarantun Maraɗi

Tun kafin a fara zancen haɗa injinan makarantu da intanet, akwai mai sa musu ido, shi ne gardi. Shi ya san kukan gurub idan mai ya kusa ƙarewa, shi ke hango shato yana ambaliya ya ruga ya kashe fonfo. Da kunne da ido aka riƙe makarantunmu shekara da shekaru. Matsalar ita ce gardi mutum ne, yana barci, yana rashin lafiya, da damina kuma gona na kiransa, daidai lokacin da makaranta ke babban hutu daga Yuli zuwa Oktoba.

A wata makaranta da na koyar, mun dawo hutu muka tarar injin rijiyar burtsatse ya ƙone. Ruwa ya ja baya, shi kuwa ya yi ta juyawa a bushe, ba wanda ya ji. Mun fi wata biyu yara na zuwa da ruwa a jarka daga gida, kwamitin kula da makaranta, wato COGES, na bin iyaye ana haɗa jaka ɗaya, jaka biyu. Abin da har yau yake cina shi ne, mai gyaran da ya zo ya nuna mini wasu 'yan ramuka biyu a jikin akwatin da ke sarrafa injin, ya ce: "Mushe, ai wannan akwatin ya san abin da ke faruwa, wanda zai gaya wa ne babu."

Waɗannan ramuka suna da tarihi. A 1979 kamfanin Modicon na Amurka ya fitar da Modbus, wani yare da na'urorin masana'antu ke magana da shi. A 1983 aka tsayar da ƙa'idar RS-485, wadda ke ɗaukar wannan magana a kan siririyar waya mai harɗe biyu har nisan mita 1,200. A 1995 BACnet ta zo, ita ma hanyar maganar na'urori ce, amma don gine-gine aka yi ta. A Turai da Amurka tukunyar ɗumama azuzuwa ce ta sa makarantu suka damu da wannan. Mu nan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, damuwarmu ruwa ce da wuta da fanka. Amma yaren Modbus ɗaya ne nan da can, kuma da yawa daga akwatunan gurub da na'urorin hasken rana da suka shigo mana suna jin sa.

Wutar Maraɗi ta daɗe tana zuwa daga Najeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kamfanin lantarki na NIGELEC na rarrabawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka katse ta a watan Agusta, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO a Fabrairun 2024. A watannin nan kowa ya koma wa gurub da faifan hasken rana. Kaya suka ƙaru a makarantu, na jiya da na yau a ɗaki guda, masu kula da su ba su ƙaru ba.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a kwashe tsofaffin a sayo sababbi. Da kuɗin wa? Garin da a Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana, yara aƙalla 25 suka rasu, kuɗin gini ya fi kamata ya tafi ga bulo da kwano. Tsohon akwati mai aiki ba ya buƙatar canji. Ɗan ƙaramin akwati ake maƙala masa a waɗancan ramuka, mai ɗauke da katin salula na Airtel ko Moov ko Zamani, ya riƙa tambayarsa: batir nawa ya rage, injin na jan wuta fiye da kima, ruwa na fita? Wanda ya tsufa har ba shi da ramukan ma, ana rataya wa wayarsa ma'aunin wuta, a saka ma'aunin ruwa cikin shato. Ko rezo ya yi rauni, gajeren saƙo yana wucewa.

Sai dai a yi hattara. An ƙera Modbus a zamanin da ba a tunanin ɓarawon intanet, ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ya isa gare shi zai iya ba shi umarni. Don haka ɗan ƙaramin akwatin ya riƙa aika labari waje kawai, kashewa da kunnawa su tsaya a hannun mutanen makaranta. Ƙurar hunturu ma tana toshe kaya, katin salula kuma in ba a zuba masa kuɗi ba shiru zai yi, kuma shirun nan ya yi kama da lafiya.

Masu iya aikin muna da su a gida. Lise Teknik Ɗan Kasawa na horar da masu aikin lantarki, haka ma IUT, cibiyar koyar da fasaha ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ɗalibi guda zai iya riƙe makarantu biyu ko uku na unguwarsu a matsayin aikin kammala karatu. Saƙon kuwa, in ya tashi ƙarfe biyun dare, ina ganin wayar gardi ya kamata ya fara shiga kafin ta darakta, domin shi ne yake kwana kusa da makunnin.