Aikin gayyar matasa a Jos: tambayoyi kan shara, dabbobi da jama'a

Me ake nufi da aikin gayya na matasa a birni?

Shi ne dai gayyar da aka sani a gona, sai dai yanzu lambatu da bola ake tarar wa. Samari da 'yan mata na unguwa ɗaya su sa rana, su fito da shebur da manjagara da baro, su yi aikin da zai amfani kowa ba tare da jiran ko sisi ba. A Jos ana ganin haka a ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma masu bautar ƙasa ma suna da ranar hidimar al'umma a tsarinsu.

Ina ruwan muhalli da dabbobi? Ba a bar matasa su ji da mutane kawai ba?

Ledar ruwa guda ta isa amsa. Wanda ya sha ya yar, iska ta kai ta lambatu, ta haɗu da 'yan uwanta da yashi su toshe hanyar ruwa. Ruwan da ya kwanta shi sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, ga zazzaɓin cizon sauro ya shigo gida. In damina ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta kuwa, ruwan da bai samu hanya ba gidajen mutane yake nufa. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka sama da 30. Ba leda kaɗai ta jawo ta ba, akwai ruwan sama mai yawa da gine-gine a bakin rafi, amma magudanar da ta cushe tana ƙara wa kowace ambaliya ƙarfi.

Ledar da ba ta faɗa lambatu ba kuma, akuya ko saniya ke haɗiye ta a bola, musamman mai ɗauke da ƙanshin mai ko gishiri. Ba ta narkewa. Tana taruwa a tumbi ta dunƙule, dabba ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen dusa a banza. Tambayi kowane mahauci, zai gaya maka irin ƙullin baƙar leda da igiya da yake zarowa idan ya farke tumbi. Sau da yawa akuyar nan ita ce jarin wata uwa da ke jiran Sallah ta sayar ta biya kuɗin makaranta. Wanda ya kwashe leda a layi ɗaya, to ya taimaki ɓangarorin nan uku a lokaci guda.

Ban da kwashe shara, me matasa za su iya yi wa dabbobi?

Babba a ciki shi ne wayar da kai kan ciwon haukan kare. Jos na da sa'a, domin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma ana yin allurar rigakafin dabbobi a can. Matasa na iya bi gida-gida su shawo kan masu karnuka su kai su rigakafi, ranar 28 ga Satumba ma an ware ta a duniya don wannan cuta. Su kuma koyar da abu ɗaya da ke ceton rai: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan ba a tsira.

Masu sha'awar namun daji kuma ga gandun dabbobi na Jos da aka kafa a 1972, ga dajin Amurum da ke Laminga inda ake nazarin tsuntsaye. Kai yaran unguwa can ya fi yi musu faɗa a kan harbin tsuntsu da danƙo.

Dashen bishiya fa?

Yana da kyau, amma nan aka fi yin asara. A dasa ɗari a ɗauki hoto, kafin rani awaki sun cinye. A ganina gara goma da aka dasa a farkon damina, aka kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, kowace da sunan wanda zai ba ta ruwa lokacin hunturu.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai. Lambatu na ɓoye fasasshiyar kwalba da allura, don haka safar hannu da takalmin roba dole ne. Kada a ƙona leda, hayaƙinta guba ne ga ƙirji. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Rayfield suna da zurfi, suna cin rai, kada a tura yara tsintar shara a bakinsu.

Ta ina za a fara?

Daga layinku. A fara zuwa gaida mai unguwa a nemi izini da albarkarsa, limami ya yi sanarwa bayan salla, maƙwabta Kirista kuma a sanar a coci, tunda lambatun ɗaya ne ya ratsa ƙofar kowa. Kafin ranar a yi magana da hukumar tsaftar muhalli ta jiha kan motar da za ta kwashe abin da aka tara, don tulin da aka bari a bakin titi ruwan farko zai mayar da shi ciki. Robobi da gwangwani a ware su daban a sayar wa 'yan bola jari, kuɗin a rubuta a littafi a sayi safar hannu da buhunan wata mai zuwa.