Adireshin MAC na haɗaka a ƙofar fita mai rauta biyu

Kowace kwamfuta da ke kan rezo na cikin gida ƙofar fita ɗaya ta sani, wato adireshin IP na rauta, na'urar da take miƙa wa duk saƙon da zai bar gida. In rautar nan ta mutu, hanya ta toshe. Shi ya sa wuraren da aikinsu ba ya jure yankewa, kamar banki ko ofishin aika kuɗi a Maraɗi, inda ɗaukewar wuta da zafin bazara ke wahalar da na'urori, suke kafa rauta biyu su yi tarayya a IP ɗaya.

Sai dai IP kaɗai bai wadatar ba. Kwamfuta takan nemi adireshin MAC na ƙofar, wato lambar da ke gane na'ura a rezo na cikin gida, ta hanyar ARP, tsarin tambayar wane MAC ne ke da wani IP, ta adana amsar, kuma shi take rubutawa a goshin kowane saƙo. Da kowace rauta za ta amsa da nata MAC, to in ta farko ta faɗi, kwamfutoci za su yi ta aika wa wadda ba ta nan har sai ajiyarsu ta ARP ta tsufa. Saboda haka aka ƙirƙiro MAC na haɗaka, wanda ba na kowace na'ura ba ne: duk rautar da ke riƙe da aiki, ita ke amsa shi.

Ƙa'idojin

Ƙa'idojin da rautoci ke bi su yi wannan tarayya su ne HSRP da VRRP da GLBP. HSRP na kamfanin Cisco ne, an bayyana shi a takardar ƙa'ida ta RFC 2281 a 1998. A zubinsa na farko adireshin shi ne 0000.0c07.acXX, inda XX ke nufin lambar rukunin rautocin da ke tarayya, a lissafin goma sha shida. Rukuni na 10 zai ba da 0000.0c07.ac0a. Zubi na biyu yana amfani da 0000.0c9f.fXXX, ya kai rukuni 4095. Rautocin kan gaisa kowane daƙiƙa 3, in aka yi daƙiƙa 10 shiru, mai jira ta karɓi aiki. VRRP kuwa na kowa ne, shi ake samu a rautocin MikroTik da manhajar Linux; adireshinsa 00-00-5E-00-01-XX ne ga IPv4, da 00-00-5E-00-02-XX ga IPv6, sanarwarsa kuma kowace daƙiƙa ɗaya, a IPv4 zuwa 224.0.0.18. GLBP, shi ma na Cisco, yakan raba MAC har huɗu a ƙarƙashin IP ɗaya don rautoci su raba kaya.

Wane adireshi ke kan saƙo

Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. MAC na haɗaka na karɓa ne. Saƙon da ya taso daga kwamfuta zuwa waje yana ɗauke da shi a gurbin wanda ake aika wa. Amma idan amsa ta dawo daga intanet, rautar da ta shigo da ita takan sa adireshinta na asali, wanda aka ƙera ta da shi, a gurbin mai aikawa. Wanda ya buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin rezo, a kan kwamfuta zai ga haka ƙuru-ƙuru: saƙo ya tafi ga 0000.0c07.ac0a, amsa ta zo daga wani adireshi daban. Wannan ba matsala ba ce. Kwamfuta ba ta kwatanta su, lambobin IP da na tashar sadarwa take dubawa. Ita ma rauta mai jira ba barci take yi ba. In hanyar dawowa ta biyo ta kanta, za ta isar da saƙon da nata MAC.

To ta yaya suwic, na'urar da ake jona kwamfutoci da rautoci a kafofinta, ke sanin kafar da MAC na haɗaka yake, tunda daga gurbin mai aikawa yake koyo? Daga gaisuwar. Rauta mai aiki da adireshin haɗaka take fitar da gaisuwarta, don haka teburin suwic ba ya mantawa. Lokacin da mai jira ta hau, nan take takan watsa ARP ba tare da an tambaye ta ba, suwic ya mayar da adireshin zuwa sabuwar kafa. Kwamfutocin ba sa canza komai.

Abin da kan lalace

Mafi wuyar ganowa shi ne ambaliyar saƙo. A ce fita ta rauta A ake yi, dawowa ta rauta B, kowacce da suwic nata. A kayan Cisco, rauta kan riƙe bayanin ARP na awa 4, suwic kuwa yakan goge MAC ɗin da bai ji ɗuriyarsa ba bayan daƙiƙa 300. Tunda kwamfutar ba ta aika komai ta ɓangaren B, bayan minti biyar suwic na B ya manta kafarta, ita kuwa rauta B tana ta turo saƙo. Suwic ba shi da zaɓi sai ya watsa shi ga duk kafofin wannan VLAN, wato sashen rezon da aka keɓe a cikin suwic. Rezo ya yi nauyi, fitilun suwic duka suna ƙyaftawa tare, alhali babu abin da ya mutu. Gyaran shi ne a daidaita lokutan biyu: a rage na ARP ƙasa da daƙiƙa 300, ko a ƙara na suwic zuwa 14,400.

Idan waya tsakanin rautocin ta yanke ko VLAN bai ratsa ba, kowacce takan ɗauka ɗayar ta mutu, su biyun su riƙe adireshi ɗaya, suwic ya riƙa ganinsa yana tsalle daga kafa zuwa kafa. Haka ma in rukuni biyu a VLAN ɗaya suka sami lamba ɗaya. Tsaron kafa da ke ƙayyade yawan MAC kan rufe kafar a daidai lokacin sauyi; umarnin standby use-bia, mai sa rauta ta yi aiki da MAC ɗinta na asali, yana kauce wa wannan, amma sai kwamfutoci sun yarda da sabon ARP kafin hanya ta buɗe.

A kuma lura da dawowar wuta. VRRP yakan bar rauta mai fifiko ta karɓe aikinta da zarar ta tashi, HSRP kuwa sai an sa masa umarnin preempt kafin ya yi haka. In an sa, a haɗa da jinkiri, don kada rautar ta karɓi adireshin tun ba ta gama koyon hanyoyinta na waje ba.