Kwana a hanya da keke: wace rumfa za ka ɗauka daga Maraɗi?

Matasan da ke son fita yawon kwana biyu ko uku da keke, su nufi Agye ko Tasawa ko Mayahi, yawanci farashin tanti suke fara tambaya. Amma kafin kuɗi akwai lokacin shekara, akwai ƙasar da za a kafa a kai, akwai kuma ruwan sha da zai hau keken nan tare da kai.

Dole ne sai na sayi tanti?

A'a. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu da wuya ruwan sama ya sauka a jihar Maraɗi. Abin da ke hana matafiyi barci a watannin nan shi ne sauro, ƙura, sanyin asuba da kunama. Sange mai kyau, da ɗan tamfol na mita 2 da 3, da shimfiɗar leda mai kauri sun wadatar. Ka ɗaura igiya tsakanin icce da keken da ka kafe da kyau, ka rataya sangen, ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe. A bazara ma, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 kuma ƙasa ba ta hucewa sai tsakar dare, wanda ya rufe kansa cikin tanti shi ya fi kowa wahala.

To yaushe tanti ke da amfani?

Lokaci biyu. Na farko damina, daga Yuni zuwa Satumba. Hadarin nan ƙasar daga gabas yake tasowa, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, kuma ita ce ke tuge tamfol ɗin da aka ɗaure da wasa. Na biyu tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 15, iskar arewa maso gabas tana ratsa sange tana zuba maka ƙura a fuska.

Idan za ka saya, nemi mai ruɓi biyu: na ciki raga, na waje mayafin da ke tare ruwa. Daren da sama ta yi garau sai ka kafa ragar kaɗai ka sha iska, daren hadari ka lulluɓa mayafin. Mai ruɓi ɗaya ya fi arha, sai dai numfashinka na taruwa a jikinsa, da asuba ka tarar yana ɗiga maka ko ba a yi ruwa ba.

Nauyi nawa ya dace?

Tantin mutum ɗaya mai sauƙi yakan yi kilo 1 zuwa 2. Wanda ya haura kilo 3 na mai mota ne. Lissafin a nan yake: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma mai tuƙa keke wuni guda a zafin nan zai sha lita 5 ko fiye. Duk kilon da ka ba tanti, daga bidon ruwa ka cire shi. Ni dai a ganina, bin tantin da bai kai kilo ɗaya ba shi ma ɓarnar kuɗi ce a wajenmu, don yadinsa siriri ne ƙwarai, ba don ƙasar karangiya da tsidau aka yi shi ba.

Me zan duba kafin na biya, musamman na gwanjo?

Ka sa mai kayan ya bari ka kafa shi a gabansa. Fara da zif, ka ja shi sama da ƙasa, don rairayi shi yake fara kashewa, kuma tantin da zif ɗinsa ya mutu ya zama ɗakin sauro. Ɗaga mayafin ga rana ka ga ko akwai ƙananan huji. Shafa cikinsa da hannu: in yana danƙo ko yana ɓarewa, ko kana jin wari mai tsami, shafin da ke hana ruwa shiga ya lalace, ba ya gyaruwa. Sandunan alminiyam sun fi na faiba sauƙi da ƙarko. Na faiba in sun tsage sai su yi tsini su yaga yadin. Wasu tantunan ana rubuta musu lamba da milimita, wadda ke nuna ƙarfin tare ruwa. Mayafi ya kai 1500, ƙasan ya kai 3000, to zai iya da daminarmu. Poliyesta ya fi nailan jure rana.

In ka samu wanda ragarsa ce kawai ta yage, kar ka bar shi. Kowane tela a babbar kasuwa zai ɗinke maka da guntun tsohon sange.

Turakun ba sa kamawa a rairayi. Yaya ake yi?

Wannan ita ce matsalar ƙasar jigawa. Siraran turakun da ke zuwa da tanti na ƙasa mai tauri ne, a nan iska ɗaya ke zare su. Shi ya sa tanti mai tsayuwa da sandunansa, ko ba a kafa turke ba, ya fi dacewa. Duk da haka sai an ɗaure shi. Ɗaura igiyar a tsakiyar ɗan icce mai tsawon taki ɗaya, ka haƙa rami kamar zurfin kamu guda, ka kwantar da iccen a gicciye, ka binne, ka tattake. Ko ka cika ƙaramin buhu da ƙasa ka binne shi haka nan. Ƙofa ta dubi yamma, bayan tantin ya tari iska.

Ta yaya zan ɗora shi a keke?

Kar ka bar shi dunƙule cikin jakarsa. Raba shi. Sandunan, waɗanda in an naɗe sukan kai santimita 40 zuwa 50, ka ɗaure su a jikin sandar keke ta tsakiya, inda ba za su taɓa gwiwa ko wayar birki ba. Yadin ka cusa a leda ka ɗora a mazaunin kaya na baya, ka ɗaure da tsohuwar robar cikin taya da aka yanka tsaye. Ta fi igiya riƙo a hanya mai gargada. Abu mai nauyi, wato ruwa da kayan gyara, ya sauka ƙasa a gefe biyu daidai wa daida. Kaya mai tsawo a baya yana sa keke rawa in ka shiga yashi. Sannan ka duba kar wata igiya ta yi lilo kusa da taya.

A ina ake kafawa?

Wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci. Ka isa gari kafin magariba, ka tambayi gidan maigari, ka yi sallama, ka ce: "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni daga Maraɗi, ina neman inda zan kwana." Sau da yawa zaure za a nuna maka ko filin makaranta, sangenka kaɗai za ka buƙata. Kwana a daji kai ɗaya ba dabara ba ce, balle kudu wajen Madarumfa da yamma wajen Gidan Rumji, kusa da iyakar Najeriya, inda ƴan bindiga suka addabi ƙauyuka shekarun nan. Kafin ka bi wata hanya ka tambayi direbobin tasha da jandarmomi halin da take ciki.

Kar lallausan yashin Gulbin Maraɗi ko na wata ƙorama ya ja ka da damina: ana iya yin ruwa can nesa, ya iso cikin dare ba ka ga hadari ba. Gindin gawo ma ka yi hattara. Da rani yana da inuwa, amma dabbobi na taruwa don ƴaƴansa, sai ka sha ƙaya da kaska. Da damina kuwa ganyensa zubewa yake, ba abin da zai tare maka. Duk inda ka zaɓa, share wurin da takalmi kafin ka shimfiɗa, da safe ka kakkaɓe takalmin kafin ka sa ƙafa.

In tantin ya jiƙe fa?

Naɗe shi haka ka tafi, amma in ka tsaya hutun rana ka baza shi ya sha iska, da ya bushe ka tattara, don rana ma cin yadi take. A gida kar ka ajiye shi a matse cikin ɗakin kwano mai zafi. Sassauta shi cikin buhu ka rataya inda gara da ɓera ba za su kai ba.