Me ya sa kulob ɗin besbol zai zuba dala miliyan 325 a kan shotstof ɗaya? Tambayoyi da amsoshi kan cinikin Corey Seager

Wai shi shotstof ɗin nan wane ne a fili?

Filin besbol yana da bes guda huɗu, wato wuraren da mai gudu zai taka ɗaya bayan ɗaya kafin a ƙirga masa maki. To shotstof shi ne mai tsayuwa tsakanin bes na biyu da na uku, kuma ta nan ƙwallo ta fi biyowa saboda yawancin masu bugu na-dama ne, in sun daki ƙwallo ta gangaro ƙasa ta wajensa take yi. Sai ya tare ta tana tsalle-tsalle, wani lokaci yana cikin gudu ko ma ya zube a gwiwa, ya wurga ta can bes na farko kafin mai bugun ya isa, duka-duka cikin daƙiƙa huɗu ko kusa da haka. Ga ƙafa, ga ƙarfin damtse, ga ido, duk sai ya haɗa. Shi ya sa tun da can kulob-kulob sukan haƙura da shotstof ko da bai iya bugu sosai ba, in dai yana tare ƙwallo to shi ke nan an gode Allah.

To me ake nufi da a ce ɗan wasa ya zama mai zaman kansa?

A gasar MLB ta Amurka sai ɗan wasa ya yi shekara 6 cur a babbar gasa kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai tafi, in kwantiraginsa ya ƙare. Kamar dai a ƙwallon ƙafa in ɗan wasa ya tashi kyauta, ba za a biya tsohon kulob ɗinsa kuɗin saye ba. Da can ma babu wannan 'yancin kwata-kwata, sai bayan hukuncin da aka yanke a 1975 kan Andy Messersmith da Dave McNally ƙofa ta buɗe. Kuma a sani, kuɗin kwantiragi a MLB tabbatacce ne, ko ɗan wasa ya ji rauni ko wasansa ya lalace sai an biya shi har kwabon ƙarshe.

Me ya sa kake ganin ya kamata a ɗauki shotstof mai iya bugu irin Seager komai tsadarsa?

Saboda mutum ɗaya ne yake toshe maka ɓaraka biyu, tsaro da bugu. Masu bugu da ƙarfi suna da yawa, amma galibinsu a bes na farko ko can bayan fili ake ajiye su inda tsaro bai da wahala sosai. Wanda zai tsaya a wuri mafi wuya a cikin fili kuma ya zo ya yi maka hom ron 30 a kaka (wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili a ci maki nan take), irinsu ba su da yawa wallahi, kuma kulob ɗin da Allah ya ba shi irinsu ba ya sakinsu da wasa. In ka ce ta hanyar musaya za ka samo shi, to sai ka ba da matasan da ka sha wahalar reno, uku ko huɗu. A nan kuwa kuɗi ne kawai, sai ɗan abin da za ka rasa a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara.

Dubi Texas Rangers. A 2021 sun buga wasa 162, an ci su 102, sun koma abin tausayi. Ƙarshen shekarar suka ɗauko Corey Seager daga Los Angeles Dodgers, shekara 10 kan dala miliyan 325, lokacin yana ɗan shekara 27, suka haɗa masa da Marcus Semien kan miliyan 175 na shekara 7, shi ma asalinsa shotstof ne amma aka tsayar da shi a bes na biyu. Dala miliyan 500 ke nan a kan mutum biyu da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar fili.

Amma kulob da yake ƙasan teburi, ba gara ya jira ya gyaru ba tukuna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don mutane da yawa haka suka ce a lokacin, kuma a 2022 kamar maganarsu ce ta tabbata tunda wasa 68 kacal Rangers suka ci. Amma ai kasuwa ba ta jiranka. Shekarar da ka shirya ba lallai a samu shotstof irin wannan a kasuwa ba, shi ya sa in ya fito sai ka kama, sauran gyaran ya biyo baya. Kuma zuwan babban ɗan wasa yana sa wasu su yarda cewa da gaske kake, a ƙarshen 2022 suka samu masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, irinsu Nathan Eovaldi, suka kuma dawo da koci Bruce Bochy wanda ya riga ya ajiye aiki bayan kofi 3 da ya ɗauka da San Francisco Giants.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Ta biya har da riba. A 2023 Seager ya yi hom ron 33 cikin wasa 119 kacal saboda rauni ya ci masa wani ɓangare na kakar, kuma shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB, bayan Shohei Ohtani. Amma abin da ba na mantawa shi ne wasan farko na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na ɗaukar kofin MLB, da Arizona Diamondbacks. Zagaye na 9, na ƙarshe ke nan, Rangers suna ƙasa 5 da 3, mutum ɗaya yana kan bes, Paul Sewald ya jefo ƙwallon farko, Seager ya ɗauke ta da duka ɗaya ta tafi can cikin 'yan kallo, shi da kowa ya sani da shiru-shiru sai ga shi yana ihu yana kallon bencin 'yan uwansa, filin ya kaure gaba ɗaya. Wasa ya koma 5 da 5, aka shiga ƙarin zagaye, Adolis García na Rangers ya ƙarasa aikin a zagaye na 11. Ran 1 ga Nuwamba suka ɗaga kofi, na farko tun da aka kafa kulob ɗin a 1961, Seager ya karɓi kyautar gwarzon World Series karo na biyu bayan wadda ya samu da Dodgers a 2020. Ka tuna magoya bayan nan a 2011 sau biyu jifa ɗaya ya rage musu su ɗauki kofi a hannun St. Louis Cardinals amma ya suɓuce, shekara 12 suna ɗauke da wannan ciwon a zuciya.

Ba a taɓa yin asara a irin wannan cinikin ba?

An yi mana, kuma su Rangers ɗin da kansu sun ɗanɗana. A Disamban 2000 sun ba Alex Rodriguez miliyan 252 na shekara 10, shi kam ya yi wasa iya wasa, amma babu masu jifa na kirki a kulob ɗin, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka, shekara 3 a jere suna na ƙarshe a rukuninsu har suka miƙa shi ga New York Yankees a 2004. Ga Javier Báez da Detroit Tigers suka ba miliyan 140 a lokaci ɗaya da cinikin Seager, bugunsa ya faɗi warwas a shekarun farko saboda kusan kowace ƙwallo kai mata duka yake ko ta kauce hanya.

To me kulob zai duba kafin ya sa hannu?

Shekaru tukuna, don ɗan 27 da ɗan 31 ba ɗaya ba ne a kwantiragin shekara 10, ƙafa ita ce take fara gajiya. Sai a tambaya, ranar da ya kasa tsaron shotstof aka mai da shi bes na uku, bugunsa kaɗai zai iya riƙe shi? Na Seager zai iya, shi ya sa hankalina ya kwanta da cinikin tun farko. Sannan lafiya, nan likitoci suke da ta cewa. A Disamban 2022 Giants sun daidaita da Carlos Correa kan miliyan 350, gwajin lafiya ya nuna damuwa kan tsohon rauni a idon sawunsa, magana ta wargaje, New York Mets suka shigo da miliyan 315 su ma suka janye kan dalili ɗaya, ƙarshe Minnesota Twins ya koma a watan Janairun 2023 kan miliyan 200 na shekara 6.