Ma'anar mallakar haɗin gwiwa a manhajar buɗaɗɗen tushe

Manhajar buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, lasisinta kuma ya ba kowa damar karanta shi da gyara shi da rarraba abin da ya gyara. Idan masu wannan sana'a suka ce manhaja mallakar haɗin gwiwa ce, abubuwa biyu suke nufi a lokaci guda, wato haƙƙin mallaka a gaban doka da kuma nauyin kula da aikin yau da gobe, kuma ba dole ne su taru a hannu ɗaya ba.

Ta fuskar doka, wanda ya rubuta sashe shi ke da haƙƙinsa, sai fa idan a bakin aikin wani kamfani ya rubuta shi. Haƙƙin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, a warwatse yake tsakanin dubban mutane da kamfanoni, kowa ya saki nasa a ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗen tushe mai suna GPL bugu na biyu, shi ya sa ko Torvalds ba shi da ikon sauya lasisin shi kaɗai. Wasu ayyukan kuwa sukan sa mai ba da gudummawa ya rattaba hannu a yarjejeniyar da ke barin wuƙa da nama a hannun kamfani guda. A watan Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya fitar da manhajarsa mai suna Terraform daga lasisin buɗaɗɗen tushe, sai wasu suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu. Wannan dama ta ɓallewa da kwafin aiki ita ce ke taka wa masu iko burki.

A ganina, nauyin kula ya fi haƙƙin doka muhimmanci, domin a nan ne aiki ke rayuwa ko ya mutu. Kowa na iya aiko da gyara, amma mai kula ne zai karanta shi layi bayan layi, ya tambayi dalilinsa, ya mayar da shi idan gwaji bai yi kyau ba, kuma idan ya karɓa, shi za a nema ranar da gyaran ya ɓata wa wani aiki, ko da mai gyaran ya daɗe da yin gaba. A cikin Linux akwai fayil mai suna MAINTAINERS da ke jera kowane sashe da sunan mai kula da shi da halin da yake ciki, har sashen da ba mai riƙe da shi ana rubuta cewa maraya ne. Gidauniyar Apache mai kula da ayyukan manhajar buɗaɗɗen tushe, wadda aka kafa a 1999, ƙuri'a take amfani da ita: ba a sakin sabon bugu sai aƙalla mambobi uku na kwamitin aikin sun amince, kuma wanda ya hau kujerar na ƙi a kan wani gyara dole ya kawo hujja ta fasaha. Python, wato wani harshen rubuta manhaja, ita ma ta koma hannun majalisar mutum biyar da ake zaɓa bayan Guido van Rossum ya sauka daga shugabancinta a 2018.

Wahalar ita ce raba nauyi yana nufin ba wani amana, kuma abin da ya faru da XZ Utils ya nuna haɗarin ta fuska biyu. Wannan ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli wadda kwamfutoci masu ɗimbin yawa ke dogara da ita, amma mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita a matsayin aikin sa kai. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu amfani, yayin da wasu asusun intanet ke matsa wa mai kulan lamba cewa aikin yana tafiyar hawainiya, har aka ba Jia Tan ikon sakin bugu. Da wannan iko ya cusa ɓoyayyiyar kafa ta kutse a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. A watan Maris na 2024 ne injiniya Andres Freund ya bankaɗo ta, bayan ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa.

Kuskure ne a ɗauka cewa maganin wannan shi ne hana baƙo iko, tunda kaɗaicin mai kulan ne ya buɗe ƙofar tun farko. Ayyukan da suka tsara kansu sukan ba da iko daki-daki, daga tantance ƙorafe-ƙorafe zuwa duba gyaran wasu, sannan shigar da gyara, sannan sakin bugu, kuma sukan shar'anta cewa kada gyara ya shiga sai wani wanda ba shi ya rubuta ba ya duba ya amince. A GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja, ana iya tilasta wannan da fayil ɗin CODEOWNERS, wanda ke neman amincewar masu riƙe da sashe da zarar an taɓa shi.