Kamun kai da gudun duniya a addinin Kirista

Kamun kai, wanda ake kuma kira gudun duniya ko zuhudu, shi ne mutum ya hana ransa wani abin da ya halatta gare shi, kamar abinci, barci, dukiya ko aure, domin neman kusanci da Allah. A wurin Kirista tushensa yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Luka 9:23, inda Yesu Almasihu ya ce mai son binsa sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Helenawa suna kiran abin askesis, wato horon da ɗan wasa ke ba jikinsa, kuma Manzo Bulus ya yi wannan kwatanci a 1 Korintiyawa 9. Wanda ya taɓa ganin yadda 'yan kokawar Tawa ke gasa jikinsu kafin gasar takobi ba ya bukatar dogon bayani.

A hamadar Masar al'adar ta yi ƙarfi. Antoni, wanda aka haifa wajen shekara ta 251, ya ji an karanta Matiyu 19:21 a majami'a, inda Yesu ya ce wa wani mai arziki ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sai ya rabar da gadonsa ga matalauta ya shiga jeji, yana rayuwa da gurasa da gishiri da ruwa har ya rasu a 356. Bakomiyos kuwa ya ga zaman kaɗaici ba na kowa ba ne, shi ya sa wajen 320 ya kafa gidan da masu ibada ke zama tare, suna addu'a da aikin hannu. Wasu sun kai abin ƙarshe: Saminu na Siriya ya shafe fiye da shekara 30 a kan ginshiƙin dutse kafin rasuwarsa a 459. Dokar da Benedikti ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6 ce ta kawo sassauci, ta ƙayyade wa kowa abinci da barci daidai ƙarfinsa, ita ce kuma ta ɗore.

Littafi Mai Tsarki da kansa ya ja kunne. Kolosiyawa 2:23 ta ce gallaza wa jiki na iya yin kama da hikima amma bai hana sha'awa ba. A Matiyu 6 an umarci mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada ya ɓata rai don a gani. Ishaya 58 ya fi su zafi, ya ce azumin da Allah ke so shi ne a kwance wa wanda aka zalunta ƙangi, a raba abinci da mayunwaci. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, irin su Martin Luther, sun nace cewa azumi ba ya sayen ceto, yana dai ladabtar da jiki.

A Yamai, inda Kirista 'yan tsiraru ne, abin ya fi fitowa fili a azumin kwana 40 da ke somawa ranar Larabar Toka, wadda ake shafa wa masu ibada toka a goshi, ya kai bikin tashin Almasihu. Yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da rana ke ƙara ƙuna. 'Yan Katolika masu shekara 18 zuwa 59 kan ci cikakken abinci sau ɗaya kawai a Larabar Toka da Juma'ar Gicciye, ranar tunawa da gicciye Yesu, su bar nama kowace Juma'a. Ikkilisiyoyin bishara, waɗanda ba na Katolika ba, ba su ɗaure kowa da kwanaki ba, sukan kira azumi da addu'a idan bukata ta taso. Maƙwabta Musulmi, da suka saba da Ramadan, kan yi mamakin azumin da ake shan ruwa a cikinsa.

Akwai wani abin da ƙasa irin Nijar ke tilasta wa mai wa'azi ya faɗa. Yunwar da mutum ya zaɓa daban take da wadda fari ya ɗora masa. Manomin Adar da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ba a ce masa ya ƙara rage tuwo. Shi ya sa ikkilisiya ke haɗa azumi da addu'a da sadaka, ana fata hatsin da mai hali ya rage a tukunyarsa ya isa gidan wanda ba shi da shi, ta yi kuma rangwame ga marar lafiya, mai juna biyu da tsoho.