Mece ce sifektiroskofi ta leza, kuma yaya take gano gubar da ke cikin hayaƙi?

Baƙin hayaƙin da ido ke gani ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe iyali guda cikin dare idan an kunna janareta a cikin gida, ko aka kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, ba ta da launi, ba ta da wari. Akwai kuma sinadaran benzin da fomaldehaid da ke fita daga ƙonewar mai da itace, waɗanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar suna haddasa cutar. A Amurka, gyaran dokar tsabtace iska na 1990 ya jera irin waɗannan gubobi har 189. To ta yaya za a auna abin da ba a gani?

A nan sifektiroskofi ta leza ke shigowa. Ma'anarta ita ce gane wace iska ce a wuri, da yawanta, ta hanyar duba yadda take shanye hasken leza, wato siririn haske mai zango ɗaya da na'ura ke harbawa a miƙe. Kowace iska tana da nata zangon hasken da take sha, wato tsawon igiyar hasken, wanda ake aunawa da 'yan mitsitsin ma'aunai irin su nanomita da maikiromita. Methen, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa, na sha a kusa da nanomita 1,650, kabon monoksaid kuma a kusa da maikiromita 4.6, duk a ɓangaren hasken da idon mutum ba ya kamawa. Mai bincike zai riƙa murɗa zangon lezar a hankali, kamar mai neman tasha a rediyo, yana harba hasken ta cikin hayaƙin zuwa ga na'urar da ke jira a ɗaya gefen. Inda hasken ya ragu, zangon ya faɗi sunan iskar. Gwargwadon raguwar kuma shi ne yawanta.

Tushen ilimin ya girmi lezar da shekara ɗari. A wajen 1860 ne Bunsen da Kirchhoff a Jamus suka nuna cewa kowane sinadari na da layukan haskensa, har suka gano sinadarin siziyom ta haka. Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, sannan a 1994 masana a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka fito da wani nau'inta da ke aiki a tsakiyar zangon infrared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, daidai inda yawancin gubobin nan suka fi shan haske.

Abin da ya fi burge ni a wannan fasaha shi ne ba ta dagula wutar. A tsohuwar hanya sai an zuƙi hayaƙi a kwalba a kai ɗakin gwaji, kafin a isa kuwa wasu sinadaran sun riga sun sauya. Leza tana ratsa harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 1,500, ko cikin injin da ke gudu, ta ba da amsa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan gubar ta yi ƙaranci sosai, sai a sa madubai biyu suna fuskantar juna, hasken ya yi ta kai da komo sau dubbai, har tafiyarsa ta kai kilomitoci a cikin ɗan akwati. Da haka ake kama ƙwayoyi ƙalilan a cikin biliyan. Na'urar da ke jikin motar bincike ta Curiosity, wadda ta sauka a duniyar Mas a 2012, da irin wannan dabara ta auna methen a can.

Masu wannan aiki galibi sun karanta fiziks, kimiyyar sinadarai ko injiniyancin injuna, kuma bincike mai zurfi yakan buƙaci digirin digirgir. Ana samunsu a jami'o'i, a cibiyoyi irin wadda hukumar bincike ta Sandia a Amurka ta buɗe a Livermore ta jihar Kalifoniya don nazarin ƙonewa, a kamfanonin motoci da jiragen sama, da masu farautar yoyon gas a bututun mai. Aiki ne na haƙuri: daidaita madubi na iya cinye yini guda, tururin ruwa a cikin hayaƙi yakan rufe layin da ake nema, ga rubuta manhajar tace bayanai. Ɗalibin da ke sha'awar fannin ya riƙe lissafi da ilimin haske da kyau, ya kuma koyi shirya kwamfuta tun yana digirin farko.